Bazazzagin Paraku Ya Kasa Cin Kansa da Yaƙi

Gaisuwa da fatan alheri zuwa ga bawana na Paraku, Bazazzagi jikan Zage-zagi, tsohon mushen lakwal, wanda tun da ya ajiye alli ya naɗa kansa sarkin yaƙi, ba tambari ba algaita. Ina gajiya? Yaya fama da abokan gaba? Labari ya iso mana nan Jugu cewa sun matsa maka lamba har ka sake doka. Da na yi maka addu'ar nasara, sai dai ban san wanda zan roƙa wa ba, tunda kai ne mahari, kai ne wanda aka kai wa hari, kai ne alƙali, kai ne kuma mai kwashe gawa idan an tashi.

Masu karatu, kada ku ce na tasa dattijo a gaba ba dalili. Ku ji abin da ke gudana a ɗakinsa, sannan ku yi hukunci. Mutumin nan ya ƙwace teburin cin abincin gidansa, ya shimfiɗa masa wani tsohon bargo mai ruwan ƙasa, ya ce dajin Bargu ke nan. Ya samo shuɗin ɗankwali (ba zan faɗi na wace ce ba, ina son zaman lafiyar gidan) ya karkata shi a tsakiya, ya ce kogin Weme ne a mashigin Beteru, inda hanyar Paraku zuwa Jugu ke tsallake ruwa. Soson katifa da aka tsoma a koren fenti shi ne kurmi. A kan wannan ƙasa tasa ya jera 'yan mutum-mutumi na dalma da na roba, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, milimita 28 in ji shi, don shi ba ya magana sai da awo. Ɗansa da ke Faransa ke aiko masa da su a kwali. Mahayan da suka zo ba su yi kama da na Bargu ba, sai ya zauna da gam da takardar goge hannu ya yi wa dawakin jalala, ya naɗa wa mahayan rawani, ya bi su da wani siririn buroshi yana fenti, tabarau a kan hanci, harshe a waje. Jakunan kuwa ya ɗora musu ƙwayar gujiya a nannaɗe da zare, wai huhun goro ke nan. In gaskiya za a faɗa, aikin ya yi kyau. Farin dokin nan mai jar jalala, da na gan shi sai da na ce ma sha Allah a zuci, ban dai bari ya ji ba.

Yaƙin da yake bugawa kuwa na ƙofar gida ne, bai tafi aron na Nafoliyon ba, nan ma na yaba. Ayarin fatake ya taso daga Gwanja da goro zai koma Kano, mahayan Wasangari sun yi masa kwanto a bakin ruwa. Duk wanda kakansa ya taɓa sauke kaya a zangon Jugu ko na Paraku ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. Fatake su ɗauko kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu, su ƙetare Kwara ta Yawuri ko Busa ko Ilo, su ratsa Bargu ta Nikki da Paraku, su sauka Jugu, wadda tsofaffinmu ke ce wa Zugu, daga nan su miƙa ta ƙasar Kotokoli ko ta Mango har Salaga, inda goron Asante ke jiransu. Zuwa da dawowa kan ci wata da watanni. Baturen nan Kilafatan ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutum sama da dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Su kuwa Wasangari, 'ya'yan sarautar Bargu masu doki da mashi, noma ba sana'arsu ba ce, fatauci ma haka. Ɗan sarkin da bai samu garin da zai riƙe ba yakan je ya riƙe hanya.

To, Bazazzagi, mu dawo kanka. Tsohuwar dokarka mai sauƙi ce: wannan gefe ya motsa, wancan ya motsa. Ka ɗauko tef ɗin tela ka auna, doki santimita 30, mai ƙafa 15, jaki da kaya 10. In aka yi harbi ka jefa ƙwayar lido, 5 ko 6 kibiya ta samu. Aibinta ɗaya ne, kuma ko yaro ya hango shi: kan da ya shirya kwanton shi ne kan da ke jan ayarin. Madugu ya san kurmin da aka ɓuya, tunda shi ya ɓoye su da hannunsa bayan sallar La'asar. Sai ka ga jakuna sun yi wata 'yar kwana sun bi ta sama, sun tsallake ruwa lafiya, mahaya na nan tsaye cikin soso. Ka ce wai hannunka ne ke yin haka ba da saninka ba. Na yarda. Jinin fatauci ya fi ƙarfin zanen alli, ko a hannun Bazazzagi.

Abin da bai gaya wa jama'a ba shi ne, madugun nan ya yi masa tumbi da gam, ya rataya masa jakar kuɗi, ya kuma raɗa masa suna Bakano, kamar ni. Nan gizo ke saƙar. Duk wannan tarihi da awo da fenti, manufarsu guda: a ga an kayar da Bakano a bakin ruwa an kwashe masa goro. Shi kuwa Bakano ya ƙi kayuwa. Wannan ne ya haifi sabuwar doka.

Zan yi mata adalci in bayyana ta yadda take, domin da hikima a ciki. Kowane rukuni an ba shi katinsa a cikin karta: jajaye na Wasangari, baƙaƙe na ayari. A cakuɗa, a kife, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda katinsa ya fito shi ke da ikon motsi. Akwai joka a ciki, in ta fito zagaye ya ƙare ke nan, wanda bai motsa ba ya yi haƙuri. Maimakon a jera mahaya a fili, sai ya kife murafan lemo a cikin kurmi, waɗansu da alamar biro a ciki, waɗansu wayam, ya jujjuya su ido a rufe har shi kansa ya manta wanne ne wanne. Sai jagaba ya matso kusa da murfi a buɗe a ga ko mahaya ne ko iska. Sannan ya rubuta wa abokin gaba jadawalin shawara: ƙwaya ta ba da 1 ko 2 ya ja da baya, 3 ko 4 ya tsaya ya yi harbi, 5 ko 6 ya yi sukuwa. Wato dai ya ƙirƙiro wa kansa abokin hamayya marar kai, don ya samu wanda ya fi shi adalci.

Gwajin farko, masu karatu, karta ta nuna ba ta san Zazzau ba. Baƙi ya fito, jakuna suka taka. Baƙi ya sake fitowa, 'yan bakan ayari suka kama bakin gaɓa. Sai joka. Aka sake cakuɗawa: baƙi, baƙi, joka. Murafan da jagaba ya buɗe a kan hanya duk wayam, ashe masu alamar sun taru can ƙuryar tebur kusa da butar shayi, inda ko akuya ba ta bi. Kafin jan kati ya leƙo, Bakano ya tsallake Weme da tumbinsa da jakarsa, bai yar da ko goro ɗaya ba. Da na kira ka a waya in yi maka jaje, ka ce mini, da muryar nan taka ta mai duba jarrabawa, wai ƙa'idar tana da ɗan gyara.

Na ga gyaran da idona ranar da na biyo ta gidanka. Littafin rubutu ne irin na 'yan lakwal, dokar da shuɗin biro, gyare-gyaren da ja, kuma jan ya fi shuɗin yawa. An cire joka. An ƙara wa Wasangari kati biyu. An rage wa jaki tafiya zuwa santimita 8, wai saboda laka. Amma wanda ya sa na nemi kujera na zauna shi ne na tsoro. Ka rubuta cewa duk rukunin da aka kashe masa mutum a jefa masa ƙwaya biyu a ga ko zai tsaya ko zai watse: fatake su watse in jimla ta zama 7 ko ƙasa da haka, Wasangari kuwa sai in ta zama 2. Haba mushe! Kai fa lissafi ka koyar. Ƙwaya biyu na iya faɗuwa ta fuska 36. A cikin 36 ɗin nan, 21 suna ba da 7 ko ƙasa, guda ɗaya tak ke ba da 2. Da wani ɗalibinka ne ya kawo maka wannan ya ce adalci ne, da sifili ka zana masa mai kunnuwa.

Duk da haka Allah bai bar Bakano ba. Akwai wata tsohuwar doka da ka manta ba ka soke ba, cewa dokin da ya shiga ruwa da gudu a jefa masa ƙwaya, in ta ba da 1 santsi ya kwashe shi. Farin dokinka mai jar jalala, wanda ka ɓata dare da rana kana yi wa fenti, shi ya fara faɗawa ruwa, ƙwaya kuwa ta tsaya a kan 1, ɗigo guda, yana kallonka. Jikanka, wanda shi kaɗai ne ba ya cin hanci a gidan, ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce ka yi shiru, ka dubi ƙofa, ka dubi taga, sannan ka ce ƙwayar ta jingina da soso, ta faɗi a karkace, ba a lissafa irin wannan. Ka sake jefawa. Mutum shi kaɗai a wasa, ƙofa a rufe, yana yi wa kansa maguɗi yana kuma waige kada a gan shi. Ko 'yan siyasa sai da abokin takara suke yi.

Waɗanda suka ƙago abin nan sun san halin ɗan Adam, shi ya sa ba su bar shi shi kaɗai ba. A 1824 wani matashin hafsan Furusiya mai suna Raiswiz ya gabatar wa manyan sojan ƙasarsa wasan yaƙi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna, da ƙwaya, da jadawalin asara. Ginshiƙin wasan shi ne alƙali. Kowane gefe ya rubuta umarninsa ya miƙa masa, shi kaɗai ya san inda kowa yake, shi ke gaya wa kowa abin da idonsa zai iya gani. Da Furusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe suka ruga koyon wasan. A 1876 wani hafsansu ya ga jadawalin ya yi yawa, yana cin lokaci, ya fito da salon da aka ajiye ƙwaya da tarin dokoki gefe. Ka lura da kyau, bawana: sun iya rabuwa da ƙwaya, sun iya rabuwa da jadawali, alƙali ne ba su taɓa sallama ba. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wels, da ya fitar da dokokin wasa da sojan dalma a 1913, da 'yar igwar wasa yake harbo su, yana rarrafe a ƙasa da abokansa, manya da gashin baki. Rashin kunyarsa ta kai taka, amma shi da abokai yake yi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce wasan mutum ɗaya ma yana da malamansa, ka kawo mini Donal Fedaston, wanda ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1973. Gaskiya ne. Ai katinka da murafanka duk jikokin irin dabarunsa ne, na yadda mutum zai ɓoye wa kansa abin da ya sani. Sai dai dabarar tana aiki ne ga wanda zai karɓi hukuncin ƙwaya ko da ta kashe masa farin doki. Kuma ka sani, ko 'yan kaɗaicin Ingila ba su jure ba, a 1976 sai da suka kafa ƙungiyar masu wasa su kaɗai, har da mujalla. Su ma sun gaji da cin kansu ba mai tafa musu.

Amma duk wannan ƙananan laifuffuka ne. Babban laifin dokarka, tsohuwa da sabuwa, shi ne babu ciniki a cikinta. Na bi littafin shafi shafi. Akwai dokar sukuwa, akwai ta harbi, akwai ta dafi, akwai ta gudu. Babu inda madugu zai ɗaga hannu ya ce a tsaya, nawa ne? Alhali hanyar Gwanja da wannan tambaya aka bi ta shekara ɗaruruwa. Ayari yana da makamai, ba a musu, kuma an sha zubar da jini a dajin Bargu. Sunan dajin kaɗai kan sa matan fatake sadaka. Amma aikin madugu na yau da kullum shi ne kada a kai ga zare takobi. Jagaba ya yi gaba ya ji labarin hanya. Uban dawaki ya bi fatake ya tara kuɗin fito gwargwadon kayan kowa. A aika wa sarkin gari gaisuwa, riga ko turmi ko kanwa, shi kuma ya ba da mahayan rakiya, waɗanda sau da yawa 'yan'uwan masu kwanton ne. A zauna a ja, a rantse, a tashi, a dawo, a daidaita. Madugun kirki da yawan huhun da ya shigar Kano ake gane shi, ba wanda ke tambayarsa mutum nawa ya kashe.

Garuruwan da ni da kai muke zaune a ciki ma shaida ne. A nan Jugu sarki yana Kilir, 'yan kasuwa suna Wangara. A Paraku Sarki Akpaki yana fadarsa, baƙi Musulmi masu fatauci suna ƙarƙashin Baparape, Dendanci ya zama harshen kasuwa a garuruwan biyu. An yi wannan tsari ne domin ayari ya iso da rai, ya sauka, ya ci, ya saya, ya biya, ya kuma dawo baɗi. Mai doki yana bukatar bafatake fiye da yadda dokarka ta sani: wa zai kawo masa dokin daga arewa, wa zai kawo rigar da zai yi wa maroƙinsa kyauta ranar Gani? Da kowane ayari ana cinye shi a Beteru yadda kake mafarki, da babu Parakun da za ka ci fansho a cikinta, balle kasuwar Arzeke da kake zuwa sayen gam. Ka tuna kuma abin da ya faru da masu dokin suka samu yaƙin da suke so. Wajen 1837 Sarkin Nikki Siru Kpera ya ɗebi mayaƙan Bargu ya tafi taya Alafin na Oyo yaƙin Ilori, shi da Alafin duk can suka kwanta. Ƙarfin Nikki ya ragu, Paraku mai kasuwa ta ƙara kauri. Hanyar goron kanta ba mashi ne ya kashe ta ba: basasar Salaga ta 1892 ta watsa kasuwar, Turawa suka gitta iyakoki, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano.

Saboda haka ga gyara daga ubangidanka, kyauta, ka rubuta da shuɗi. Ka sa katin ciniki a cikin kartar, in ya fito kowa ya mayar da takobi kube, madugu ya yi tayi, a jefa ƙwaya a ga ko ɗan sarki ya sallama ko ya ce albarka. Ka sa wa goro rai, domin goro ba dutse ba ne: yana son a kwance huhu a duba, a yayyafa ruwa, a tsince mai sankara kafin ya ɓata saura, don haka duk zagayen da ayari ya yi a tsaye a cire masa ƙwarya guda. Ka shigo da ƙudan tsando, wanda a dazuzzukan kudancin Bargu ya fi kowane maharbi kashe doki, a ga ko farin naka zai kai bakin ruwan ma. Sannan a sauya yadda ake ƙirga nasara. Basarauten da ya karɓi fito ya bar ayari ya wuce, ya ci. Wanda ya kashe madugu ya kwashe kaya ya ci na yau, amma a wasa na gaba a shimfiɗa masa bargon ba jaki ko ɗaya, ya zauna a cikin soso yana jiran ayarin da ya sauya hanya. Na san ba za ka so wannan ba, don a irin wannan doka Bakano na iya cin wasa bai zare komai ba sai bakin jaka.

Wani abin kuma, dokarka ta ce kibiya mai dafi in ta samu mutum a ɗauke shi daga tebur, ba tambaya. Ina ma haka ne. A 1894 Kyaftin Lugga, yana yi wa Kamfanin Neja aiki, ya yi tsere da Bafaranshe Dekor zuwa Nikki. Lugga ya riga isa, ya samu takardar yarjejeniya ranar 10 ga Nuwamba ba tare da ya ga sarkin ido da ido ba. Bayan kamar mako biyu Dekor ya iso ya karɓi tasa. A wannan tafiyar aka harbi Lugga da kibiya mai dafi a ka, ya kuma tashi, ya rayu har ya zo ya zama Gwamnan da ya haɗe Nijeriya a 1914. Ka ga shi ma wani ya ce ƙwayarsa ta faɗi a karkace aka sake jefa masa. Rigimar takardun nan biyu kuwa ba a Bargu aka yanke ta ba. A Faris aka zauna a kan tebur da taswira da rula, ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu: Nikki da Paraku na Faransa, Busa da Kayama na Ingila. Su ne 'yan wasan tebur na ainihi, kuma su ma ba su gayyaci abokin wasa daga Bargu ba. Shi ya sa yau kake cin fansho da sefa, 'yan'uwanka na Zariya suna fama da naira.

Jikan naka ya ce mini kana shirin yaƙi na gaba, wai na Biyo Gera, har ka fara yi wa sojan Faransa fentin jar dara. Nan kam zan sassauta murya. Mutumin da ya ƙi a kwashi 'ya'yan Bargu a kai su yaƙin Turawa, ya tayar wa Faransa hankali a yankin Bembereke a 1916 da doki da baka a gaban bindiga, har aka kashe shi a watan Disamba na shekarar, ba abin zolayata ba ne. Gunkinsa na nan a kan doki a garinku, an kuma kafa wani babba a Kwatano a 2022. In ka zo wannan wasan ƙwaya ta ba shi 1, ka ce ta jingina da soso ka sake jefawa, ni ban gani ba, jikanka ma zan ba shi dala ashirin ya yi shiru. Can ne maguɗinka zai yi amfani. Amma ka ɓata shi a kan bawan Allah mai tallan goro.

Ban ma san abin da ya kai Bazazzagi ga sha'awar yaƙi ba. Lifidi da kwalkwali da sulke, Tarihin Kano ya ce Sarkinmu Kananeji ne ya fara shigo da su. Da Turawa suka zo, a 1902 suka shiga Zariya suka kafa bariki ba wanda ya ce musu kanzil, har da sannu da zuwa. Kano kuwa sai da aka kawo igwa a Fabrairun 1903. Na san za ka ce Sarki Alu ba ya gari ranar. To, ya tafi Sakkwato ne, ganuwar dai an rufe ta, kuma Waziri Ahmadu ya tsaya a Kwatarkwashi har ya faɗi. Ka nuna mini naku. Ashe yaƙin da aka ƙi yi a fili ne ake ramawa a kan bargo.

Maƙwabta ma sun fara magana, gara ka ji daga bakina. Ɗan zem ɗin, wato ɗan acaɓa, da ya kai ni ƙofarka, da na faɗi gidan, sai ya ce, a'a, gidan malamin nan mai duba? Ya ce ana jin ƙarar ƙwaya da dare, ana jin kana magana da waɗansu ba sa amsawa, wani lokaci ka yi kabbara, wani lokaci salati. Wata baiwar Allah har ta tambaya ko kana duba na aure. Na kare ka iyakar ƙarfina, na ce ba duba kake yi ba, don mai duba yakan san abin da zai faru, kai kuwa ko murfin da ka kife da hannunka ba ka san abin da ke ciki ba. Ladanin unguwa ya ce zai zo ya ji hukuncin 'yan gumakan. Ka tanadi amsa, ka kuma ɓoye kartar.

Magani ɗaya ne, kuma ba a littafin Fedaston yake ba. Tsakanin Jugu da Paraku kilomita 130 ne da 'yan kai, kwalta ce, ba kwanto ba fito sai na jandarma. Bayan Gani ina nan tafe. Ni zan riƙe ayari, kai ka riƙe mahayanka, ka kife murafanka inda ka ga dama ban gani ba, ka ga an samu kwanto na gaskiya karo na farko a ɗakin nan. Joka ta koma cikin karta, katin ciniki ya shiga, jaki ya koma santimita 10. Jikanka ne alƙali, jan biro kuma a aljihunsa zai kwana. Ƙwayar da ta faɗi ta faɗi, ko a kan soso ko a cikin kofin shayi. Wanda aka ci shi zai sayi sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, ya kuma biya ɗan zem. Kuɗin sharar da kake ta noƙewa tun watan cika-ciki kuwa ba ya cikin caca, ka ajiye mini shi daban, sababbin takardu, ban karɓar gujiya a nannaɗe da zare.

In kana da ta cewa, shafin nan a buɗe yake mako mai zuwa, muddin edita ya yarda ya buga Hausar Zazzau.